Kifin da ke ciyar da 'ya'yansa da fatarsa: hayayyafar diskas da enjel a tankin gida

Diskas da enjel kifayen ado ne, dangin juna na kusa. Dukansu daga kogunan yankin Amazon suka fito, can Kudancin Amurka, kuma dukansu 'yan babban gidan kifayen nan ne da masana ke kira Cichlidae, gidan da karfasarmu ta fito. In ka ajiye su a tankin gilashi cikin ɗaki, za ka ga tsarin haihuwarsu ɗaya ne: namiji da mace su ware kansu, su share wuri, macen ta jera ƙwai, namijin ya bi ya zuba masa maniyyi, sannan su tsaya gadi tare. Daga nan har ranar da 'ya'yan suka fara iyo, da wuya ka ce ga inda wannan ya saɓa wa wancan.

A ranar iyon ne hanya ke rabuwa. Ɗan enjel da ya tashi sai ya shiga farautar ƙananan halittu a cikin ruwa, in ka ba shi abinci zai rayu ko da bai taɓa ganin uwarsa ba. Ɗan diskas kuwa jikin iyayensa yake nufa kai tsaye, ya riƙa tsagar yauƙin da ke fatarsu, wannan yauƙin shi ne abincinsa na farko. Wanda ya gane wannan ya gane abin da ya sa enjel ke da araha a kasuwar kifin ado, diskas ke da tsada, ya kuma gane abin da ya sa mutum kan ci nasara da enjel tun a shekararsa ta farko amma diskas ya ba shi wuya. A wajen enjel mai kiwo zai iya tsayawa a madadin iyaye. A wajen diskas aikinsa shi ne ya kula da iyayen da ruwansu, ya kuma san lokacin da zai janye hannunsa.

Sai an san ruwan da kifi ya fito kafin a san abin da yake nema a tanki. Masanin kifi ɗan ƙasar Ostiriya, Johann Jakob Heckel, shi ya fara bayyana diskas ga masana a 1840, daga samfuran da Johann Natterer ya tattaro a Brazil, ya raɗa masa suna Symphysodon discus. Enjel ya riga shi shiga littafi, tun 1823, kuma wanda ke yawo a tankunan mutane yau kusan duk Pterophyllum scalare ne. Yana da wani ɗan'uwa dogo mai suna altum daga kogin Orinoco, amma wannan ba kifin sabon shiga ba ne.

Diskas ɗin da Heckel ya rubuta na yankin kogin Rio Negro ne, kogin da ruɓaɓɓen ganyen daji ya rine ruwansa ya yi baƙi. Ruwa ne mai ɗumi, mai tsami, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, kan sauka ƙasa da 5, kuma narkakken ma'adini a cikinsa bai taka kara ya karya ba. A birnin Manaus ruwan kan hau ya sauka da kusan mita 10 a shekara. In ya hau, daji ya nutse, abinci ya yawaita, mafaka ta samu a tsakanin saiwoyi da rassan da ruwa ya shanye. A farkon hawan ruwan nan ne diskas ke haihuwa. Shi ya sa a tanki ma, in aka ciyar da ma'aurata sosai na kwanaki, sannan aka canza musu ruwa mai yawa da sabo wanda ya ɗan fi nasu sanyi da digiri ɗaya ko biyu, sau da yawa washegari ko jibi sai a ga ƙwai. Jikinsu ya ɗauka damina ta sauka.

Amma kada mutum ya ce sai ya kwaikwayi Rio Negro a ɗakinsa. Yawancin diskas da ake sayarwa yau ba su taɓa ganin Amazon ba, haka ma kakanninsu. A gonakin kifi na Maleshiya da Tailan da Jamus da Amurka aka haife su, zuriya bayan zuriya. A garin Warendorf na Jamus, gidan kiwon Stendker ya yi suna ne da rainon diskas a ruwan famfo na yau da kullum. Abin da ya rage musu na gado, wanda ba su sake shi ba, shi ne son ɗumi da son tsabta, da kuma buƙatar ƙwai ga ruwa marar ma'adini da yawa.

Samun ma'aurata shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma nan ne gaggawa ke cin kuɗin mutane. Ba a bambance namiji da mace a waɗannan kifaye da ido tun suna ƙanana. Ana ta maganar wai namijin enjel goshinsa ya fi tudu, namijin diskas fiffikensa na baya ya fi tsini, amma waɗannan alamu suna gaskiya yau su yi ƙarya gobe. Shaidar da ba ta ƙarya sai dab da haihuwa take fitowa: ɗan bututun da ke leƙowa a ƙarƙashin ciki. Na mace kauri ne da shi, bakinsa a daƙushe. Na namiji siriri ne mai tsini. Don haka hanyar da ta fi inganci ita ce a sayi ƙanana shida zuwa takwas, a raine su tare, a bar su su zaɓi juna. Lissafin ma yana goyon bayan haka: in kifi shida ne, yiwuwar su zama jinsi ɗaya gaba ɗaya 1 ce cikin 32. Enjel kan balaga tsakanin wata 6 zuwa 12. Diskas mace kan kai shekara guda, namiji kuma yakan ƙara wasu watanni a kan haka, wani har shekara da rabi kafin maniyyinsa ya yi aiki.

Za ka san an daidaita in ka ga biyu sun kama kusurwa guda sun hana kowa zuwa. Su fuskanci juna, su sunkuyar da kai, jikinsu ya riƙa karkarwa daga kai zuwa wutsiya, sannan su koma kan wani wuri guda, bututun hita ko gilashin tanki, su yi ta caccakarsa da baki suna sharewa. To a nan sai a kwashe su zuwa tankinsu na kansu. Ba a haɗa diskas da enjel a tankin haihuwa, ko a tankin zama ma ni ban cika son haɗin ba, domin enjel ya fi zafin nama wajen abinci, kafin diskas ya gama nazari an cinye.

Tankin haihuwa ba na ado ba ne. Na diskas lita 90 zuwa 120 ya isa, tsawo da faɗi da zurfi kusan ɗaya, kamar santimita 45 zuwa 50. Na enjel lita 75 zuwa 80, amma ya kasance mai zurfi saboda dogayen fikafikansa. Ba yashi, ba tsakuwa, ƙasan gilashi ne fayau, don duk kashi da ragowar abinci su fito fili a zuƙe su da tiyo. Matatar ruwan kuwa ta soso ce wadda famfon iska ke turawa, domin matatar da ke da injin jan ruwa za ta haɗiye 'ya'yan. Sai hita, sai ma'aunin zafi, sai wurin zuba ƙwai. Masu diskas kan sa wani abu na gasasshen yumɓu mai faɗin gindi da tsinin kai, tsayinsa kamar santimita 25. Kowane maginin tukwane zai iya gina shi, in dai ba a shafa masa fenti ba. Guntun bututun roba na famfo a tsaye ma yana yi. Enjel kuwa fallen tayil da aka jingina a gilashi ya ishe shi, ko faffaɗan ganyen shukar ruwa.

Soson nan fa ba sabo ake sakawa ba. Kifi yana fitar da amoniya, guba ce, kuma wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin soso su ke mayar da ita naitrait, shi ma guba, sannan naitret wanda ya fi sauƙi, shi ne ake ragewa da canjin ruwa. Kafin bakteriyar nan ta kafu a sabon soso ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Saboda haka tun ana rainon ƙanana ake jefa soso na biyu a babban tanki ya nuna, ranar da ma'aurata za su tare sai ya bi su.

Yanzu maganar ruwa, wadda ita ce ta fi rikita mutane. Ruwa mai zartsi, irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki, mai barin farin ɓawo a gindin buta, cike yake da kalsiyam da magnisiyam. Babban diskas na gona zai zauna a cikinsa lafiya, zai ma yi ƙwai. Matsalar a kan ƙwan take: a irin wannan ruwa, kaɗan ne ke ɗaukar maniyyi ya ƙyanƙyashe, sauran su yi fari su lalace. Masu kiwo kan nemi pH tsakanin 6 da 6.5 a tankin haihuwa, da adadin narkakkun ma'adinai ƙasa da 100 a ɗan ma'aunin nan na TDS da ake tsomawa a ruwa. Ana samun haka ta hanyar gauraya ruwan famfo da ruwan da ya bi ta matatar RO, irin wadda masu kamfanin ruwan sha ke amfani da ita, ko da ruwan sama mai tsabta wanda aka tara bayan ruwan farko ya wanke rufi. Ba a amfani da ruwan RO zalla, domin ruwan da babu ma'adini ko kaɗan ba ya riƙe pH, cikin dare ɗaya zai iya rikitowa ya ƙone fatar kifi. Zafin ruwa ga diskas digiri 28 zuwa 30 ne a ma'aunin Salshiyas, enjel kuma 26 zuwa 28. Enjel bai da wannan tsirfar ta zartsi sosai, yawancinsu suna ƙyanƙyasa a ruwan famfo in dai an kashe kulorin da ke ciki.

Abin da nake ƙara jaddadawa shi ne, ruwan da ke tsaye a hali guda ya fi ruwan da lambobinsa suka yi daidai yau suka sauya gobe. Mutumin da ke ɗiga asid kullum yana bin pH ya fi cutar da kifinsa a kan wanda ya bar shi a 7 bai taɓa ba. In ƙwai na ƙyanƙyashewa a ruwanka yadda yake, ka bar shi haka.

Yawanci da yamma ake zuba ƙwan. Macen ta fara gwaji, ta goga cikinta a jikin yumɓun daga ƙasa zuwa sama ba tare da ta ajiye komai ba. Can sai ka ga layi na farko ya fito, ƙananan ƙwayaye ruwan zuma a jere, kowanne ya manne. Ta kauce, namijin ya bi layin a hankali. Ta dawo ta ja wani layin kusa da na farko, ya sake bi. Haka za su yi ta yi kusan awa guda. Diskas kan zuba daga 100 zuwa 300 ko ɗan fiye, babbar macen enjel kuwa takan wuce haka nesa. A wannan sa'a yana da kyau a rage ƙarfin iska, don kada motsin ruwa ya kwashe maniyyin kafin ya isa, kuma mai tanki ya zauna nesa. Da an gama sai fifita: ɗaya ya tsaya gaban ƙwan yana kaɗa fikafikan ƙirji don ruwa mai iska ya riƙa ratsa shi, ɗaya yana sintiri, jim kaɗan su yi canji. Duk ƙwan da ya yi fari sai su sa baki su cire shi kafin fumfuna ta kama na kusa da shi.

Sai kuma abin da ke karya zuciyar sabon mai kiwo: ya tashi da safe ya tarar da yumɓun fes, sun cinye. Wannan ba abin mamaki ba ne ga sababbin ma'aurata, sukan cinye na farko da na biyu har na biyar, kuma tun da sukan sake zubawa bayan kwana 7 zuwa 10, haƙuri ne maganin farko. Amma a duba dalili. In ƙwan duka ya yi fari cikin kwana ɗaya ko biyu, ko dai namijin bai ƙosa ba, ko ruwan ya yi zartsi, ko kuma mata biyu ne suka haɗu, domin hakan na faruwa, su yi duk abin da ma'aurata ke yi har da zuba ƙwai. In kuwa ƙwan ya yi duhu, alamar akwai rai a ciki, sannan suka cinye, to tsoro ne: giftawar mutane, yara masu ƙwanƙwasa gilashi, ko ɗaukewar haske farat ɗaya. Kifin da ya ga kamar za a cinye masa ƙwai yakan riga maƙiyi. A rufe gefen tankin da takarda, a bar ɗan ƙaramin haske duk dare. Wasu kan kifa ragar waya a kan ƙwan, yadda iyaye za su gan shi su yi masa fifita amma bakinsu ba zai kai ba.

Bayan awa 55 zuwa 60 ƙwan ke fashewa. Abin da ke fitowa bai yi kama da kifi ba tukuna, ɗan zare ne mai wutsiya yana ta kaɗawa, kansa a manne da yumɓun ta wani danƙo da ke fita daga goshinsa, cikinsa ɗauke da ragowar gwaiduwa. Ba a ba shi abinci a wannan mataki, duk abin da aka zuba ruwa kawai zai ɓata. Iyayen kan kwashe su da baki su mayar wani gefen da suka share, wanda ya faɗo a cafe shi a tofa shi cikin 'yan'uwansa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ci suke yi. Na diskas kan tashi iyo bayan kamar kwana uku da ƙyanƙyasa, na enjel bayan kamar kwana biyar.

Ga mai enjel, a nan zaɓi biyu ne. Masu kiwo don kasuwa ba sa ma jiran wannan rana: da an gama zuba ƙwai sai su ɗauke tayil ɗin su sa a wani ƙaramin mazubi da ruwan tankin, su ɗiga shuɗin maganin nan methylene blue don hana fumfuna, su sa dutsen iska kusa da ƙwan yadda kumfa za ta riƙa wucewa ta gefensa ba ta kansa ba, ta yi aikin fifitar iyaye. Hanya ce mai kawo 'ya'ya da yawa, ba musu. Amma wanda ke da niyyar kaiwa ga diskas, shawarata ya bar enjel su raini nasu. A nan zai koyi karanta halin iyaye, ya san bambancin gadi da tsoro, ya saba da zama ya zuba ido ba tare da ya tsoma hannu ba, kuma a kan kifin da in an yi asara ba ta da zafi sosai.

Abincin farko na ɗan enjel shi ne atimiya, ƙananan jatan landen ruwan gishiri da ake sayar da busasshen ƙwansu a gwangwani, mai yawa daga cikinsa daga tafkin Great Salt Lake na jihar Utah a Amurka yake zuwa. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a ƙasar nan sun san shi sarai, da shi suke tayar da nasu 'ya'yan, don haka a wajensu ake nemansa. Ana yanke gindin gorar ruwa a kifa ta, a zuba lita guda na ruwa da gishiri kamar giram 25 zuwa 30, a sa rabin ƙaramin cokali na ƙwan, a tura iska mai ƙarfi. Cikin awa 24 zuwa 36 sun fashe. A kashe iskar, ɓawon ya taso sama, a haska tocila a ƙasa su taru wajen hasken, a zuƙo su a tace a ɗauraye. Sabon ƙyanƙyasa ake bayarwa, don in sun kwana amfaninsu ya ragu, shi ya sa ake ajiye gora biyu ana karɓa-karɓa. Shaidar sun ci a bayyane take: cikin kowane ɗan kifi ya kumbura ya yi ruwan lemo.

Ga mai diskas kuwa, ranar iyo ita ce ranar da komai ke rataye a kanta. Tun kafin ta zo jikin iyayen ya sauya, sun yi duhu, fatarsu ta yi kauri da wani yauƙi mai ɗan fari-fari. 'Ya'yan da suka saki yumɓu dole su sami gefen uwa ko uba cikin kwana guda ko biyu, in ba haka ba yunwa ta kashe su. In sun samu, za ka ga abin da ba kasafai ake gani a kifin ado ba: gungun 'ya'ya sun lulluɓe gefen uban, kowanne ya kafa baki ya fizga ya saki, shi kuma ya tsaya cik ya buɗe fikafikai. Bayan 'yan mintoci uwar ta matso ta jera da shi, ya yi wata girgiza guda ya zame da sauri, gungun duka ya koma kanta.

Wani masani mai suna Hildemann ya rubuta wannan hali tun 1959. A 2010 kuma Jonathan Buckley da Katherine Sloman na jami'ar Plymouth a Ingila, tare da Adalberto Val na cibiyar binciken Amazon da ke Manaus, suka auna yauƙin kansa. Suka tarar sinadaran garkuwar jiki na ƙaruwa a cikinsa daidai lokacin haihuwa, kamar dai dakashin da jariri ke fara sha. Suka kuma ga cewa mako biyun farko iyaye ba sa guje wa 'ya'ya, a na uku su fara zamewa na ɗan lokaci, a na huɗu kuwa gudu suke yi sosai, wato yaye. Wani binciken na jami'ar Laval a Kanada a 2017 ya nuna ta wannan yauƙi ne 'ya'yan ke samun bakteriya masu amfani da ke zama a hanjinsu. Ashe ba ƙoshi kaɗai suke samu ba, har da kariya. Shi ya sa rainon ɗan diskas ba iyaye ke da matuƙar wuya. An yi shi kam: masu kiwo a Amurka, ciki har da Jack Wattley na Florida, sun riƙa shafa haɗin gwaiduwar ƙwai a bakin kwano daidai gaɓar ruwa, 'ya'yan su ci, a sauya ruwan gaba ɗaya, a maimaita sau da yawa a yini. Aiki ne na wanda ba shi da wani aikin.

Akwai wata matsala da ɗan Adam ya jawo da hannunsa. Ɗan diskas duhu yake bi, duk abin da ya fi duhu a tanki shi ne uwa a wajensa. Diskas na asali yana iya rine jikinsa ya yi duhu. Amma a farkon shekarun 1990 wani mai kiwo a Tailan, Kitti Phanaitthi, ya fitar da launin da ake kira Pigeon Blood, daga shi kuma aka sami jajaye da rawaya da farare masu ɗaukar ido waɗanda suka cika kasuwa yau. Waɗannan ba sa iya yin duhu yadda ya kamata. Sai ka ga 'ya'ya sun bar iyaye sun taru a jikin baƙin soso ko a kusurwar da aka like da baƙin danƙo, suna mutuwa da yunwa alhali abinci na yawo kusa da su. Maganin shi ne a kawar da duk wani abu mai duhu, a naɗe soson da farin ƙyalle ko a cire shi na kwana biyu, a manna farar takarda a gefuna da ƙasa, a rage ruwan har ya dawo daidai tsayin iyayen, a rage haske da iska. In wuri ya ƙuntata, dole su yi karo da juna. Wanda zai fara, ya fara da masu launin ƙasa-ƙasa ko shuɗi mai zane, su ne iyayen da ba sa ba da wahala.

Daga kwana na huɗu ko na biyar da fara iyo ake soma ɗiga musu atimiya kusa da iyayen, kaɗan-kaɗan, suna haɗawa da yauƙi. Tsakanin mako biyu zuwa uku sai a raba su. In aka bar su suka daɗe, bakinsu ya yi ƙarfi, sukan ji wa iyayen ciwo a fata har da ido. Akwai kuma dalili na biyu: wasu ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani, masu maƙalewa a jan naman da kifi ke numfashi da shi a ƙarƙashin marfin kunne. Babban kifi na ɗauke da su bai damu ba, amma in suka koma kan 'ya'ya, wajen mako na uku zuwa na biyar sai ka ga suna haki, suna taruwa a saman ruwa, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya bayan an ɗauka an tsallake. Maganin praziquantel na kashe su, kuma iyayen ake yi wa tun kafin su yi ƙwai.

Ga wanda ke zaune a ƙasar Hausa, wuta da yanayi su ne abin da zai fara lissafawa kafin ya sayi kifi ko ɗaya. Zafinmu na yawancin shekara ya dace da diskas, amma a tsakiyar hunturu, dare a Kano ko Zariya ko Damagaram kan sauka ƙasa da digiri 15, in babu hita ruwan zai yi sanyin da ƙwai ba zai yi ba, manyan ma su daina ci. A bazara kuma ɗaki kan ɗauki zafin da zai kai ruwa sama da 33, iskar da ke narke a ciki ta ragu, sai an sa fanka tana busa saman ruwan. In wuta ta ɗauke na sa'o'i, famfon iska ya tsaya, bakteriyar soso ta fara mutuwa, amoniya ta taso. Famfon iska ba ya cin wuta, ƙaramin batir ko sola zai riƙe shi, akwai ma mai aiki da batirin tocila. Hita ce mai ci, don haka a hunturu a naɗe tankin da bargo ko kwalin soso a rage mata aiki.

Rainon 'ya'ya bayan yaye shi ne aikin da ba a cika faɗa wa mutum ba. Ɗan diskas na son ci sau biyar ko shida a yini: atimiya, sannan niƙaƙƙen abincin gwangwani, sannan haɗin da masu kiwo suka daɗe suna yi na zuciyar sa wadda aka cire wa kitse da jijiya aka niƙa da jatan lande da alayyahu. Abinci ne mai gina jiki, mai kuma ɓata ruwa nan da nan, don haka kullum sai an zuƙe ƙasan tanki, an goge gilashi, an canza rabin ruwan ko fiye da wanda zafinsa ya yi daidai. A wannan mataki ba a buƙatar ruwan RO, ruwan famfo mai ɗan ma'adini ya ma fi, don ƙashi na son kalsiyam. In aka yi sakaci a watannin farko kifin ya tsumbure, idonsa ya yi masa girma, jikinsa ya miƙe maimakon ya zagaye, kuma ba ya gyaruwa daga baya. Enjel ma in aka cunkushe su fikafikansu kan lanƙwashe, wasu su tashi da guntun marfin kunne. Masu nakasa irin wannan ba a barinsu su yi iri, ba a kuma sayar wa wani da su a matsayin lafiyayyu.

Sai a yi lissafin ruwa tun da wuri. 'Ya'ya 60 ko 80 da suka kai santimita 5 cikin wata biyu zuwa uku za su nemi tanki na lita 300 aƙalla, ba da jimawa ba kuma su nemi na biyu, tun da babban diskas guda na son kamar lita 40 shi kaɗai. Rabin lita 300 kullum lita 150 ke nan, jarka shida ta lita 25 kowace rana, lita 4,500 a wata, kuma kowace jarka sai ta kwana an kashe mata kulorin an ɗumama ta. Su kuwa iyayen, mako guda ko biyu da raba su da 'ya'ya za su koma share yumɓu. In babu tankin da zai karɓi zubi na gaba, ko macen ta rame, a sa gilashi ko raga a tsakaninsu, a cire yumɓun, a ciyar da su sosai na wata guda ko biyu kafin a sake haɗa su.